Saƙo Biyu a Lokaci Guda

Turawa, Karaye
Watan Satumba

Zuwa ga 'yata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ta matsa mini tun shigowar damina, da nauyin kunnen da kika sani. Shi ya sa na koma rubutu a takarda ina ɗaukar hoto ina turo miki. In muka yi waya, rabin maganarki iska ke kwashewa, rabi kuma kunnena ke zubarwa. Na ga mahaifiyarki Saude a Kwanyawa ranar Juma'a, tana lafiya, ta ce in gaya miki kin rame a hoton da kika turo daga Turai. Innarki Adama tana gaishe ki.

An fara yankan gero. Dalilin rubutuna shi ne manhajar nan da kika haɗa wa kwamitinmu na manoma da makiyaya. Kin san yadda take: manomi in ya kwashe amfaninsa sai ya tura saƙo da lambar gonarsa, makiyayi kuma ya tura tambaya, a gaya masa gonar da zai kai shanu su ci kara su bar taki. Tun da muka fara aiki da ita na huta da zaman rabon faɗa. Har mutanen Rogo Ruma sun shigo ta hannun surukina Muhammadu, yayan matata Adama, wanda rugarsu ke kan iyakarmu da su.

To, bana ta yi mana abu biyu. Na farko, wani mutum ya tura saƙo cewa an kwashe gonar maƙwabcinsa, alhali ba shi ne mai gonar ba, kuma ta karɓa. Mugunta ce kawai, tsohuwar gaba ce tsakaninsu a kan iyaka. Raina ya ɓaci ƙwarai, mutum da furfura a kansa. Na biyu, ranar kasuwa, lokacin da kowa ke samun sabis yana tura saƙo, ta ba makiyaya biyu gona ɗaya. Suka haɗu da garkunansu a bakin gonar, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa waya. Allah ya taimake mu aminan juna ne, suka yi dariya suka raba ta biyu.

Na dakatar da ita sai na ji daga gare ki. Dawa na tafe, kin kuwa san dawa ita ce abincin shekara.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Muntaka

*

Watan Oktoba

Kawu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na gode da takardarka. Allah ya ba ka sauƙin gwiwa, don Allah ka rage hawa babur a hanyar Rogo. Ka gaida Inna Adama. Ka ce wa Umma ina cin abinci, sanyin garin ne ke tsotse mutum.

Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Abubuwa sun dagule mana a nan.

Ka taɓa tambayata da wane yare nake yi wa kwamfuta magana. Yarukan suna da yawa, Kawu. Akwai waɗanda duniya duka ke aiki da su, in ka yi tuntuɓe a cikinsu dubban mutane za su ɗaga ka. Ni kuwa na rubuta manhajarku da wanda malamina ya ƙirƙira a nan jami'a, domin a kansa nake yin digirina. Masu jin sa a duk duniya ba za su cika ɗaki ɗaya ba. An gina shi ne musamman don ayyuka da yawa su gudana a lokaci guda ba tare da sun taka juna ba. Ina alfahari da shi, na so mutanen gida su fara cin moriyarsa.

Yanzu tallafin binciken ya ƙare, ba a sabunta ba. Malamina ya samu aiki a wani kamfani a wata ƙasa, zai tafi ƙarshen shekara. Mutum biyun da ke kula da yaren sun riga sun kama gabansu. A zamanmu na ƙarshe na tambaye shi, "Idan an gano ɓaraka a cikinsa, wa zai gyara?"

Ya ce, "Mun yi shi ne don mu nuna cewa abin zai yiwu, kuma mun nuna."

Na ce, "Akwai mutane a garinmu da suka dogara da shi."

Ya cire tabarau ya ce, "Ban san kin kai shi gona ba."

Ba mugun mutum ba ne. Shi ma a gajiye yake.

Game da matsalolin da ka faɗa: wadda ta fi haɗari na toshe ta, na gwada ta sau da yawa, ba za ta sake faruwa ba in sha Allahu. Ɗayar tana buƙatar lokaci, kuma ba kasafai take faruwa ba. Ka ƙara haƙuri da ita. Dole in gama babin da nake rubutawa kafin malamin ya tafi, in ba haka ba babu wanda zai sa mini hannu. Idan ka ji ni shiru, wannan ne.

'Yarka,
Sadiƙa

*

Turawa
Ƙarshen Oktoba

Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu lau, gwiwa ta yi sauƙi tun da ruwa ya ɗauke. Takardarki ta kwantar mini da hankali. Tun da kin toshe babbar, wato bai wa mutum biyu gona ɗaya, ƙaramar ba ta dame ni ba. Mai saƙon ƙaryar nan na riga na kai shi gaban dagaci, ya sha kunya, ba zai ƙara ba, kuma kowa ya ji. Zan yi haƙuri da ita kamar yadda kika ce. Na kunna manhajar jiya, na sanar a masallaci.

Maganar malaminki ban gane ta duka ba, amma na gane kin gaji. Ki mai da hankali kan karatunki, kada ki damu da amsa wannan.

Kawunki,
Muntaka

*

Turawa
Watan Nuwamba

Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu muna nan da rai, amma babu daɗi. Muhammadu yana asibiti. Kada hankalinki ya tashi, zai rayu, sai dai an karya masa hannu, kansa kuma ya sha ɗinki.

Ga yadda abin ya faru. Kin san Ɗantala, mai gonar da ke gangaren rafi, mai iyali da yawa. Ya yanke dawarsa ya ɗaure dammuna, amma bai kwashe ba, domin amalankensa ya karye. Ya tara su a kwarin da ke ƙarshen gonar ya rufe da kara. Ranar kasuwa ya so ya sanar cewa ƙaramar gonarsa ta gero a buɗe take, sai ya yi kuskure ya tura lambar gonar dawa. Nan take ya gane, ya tura saƙon janyewa. Amsa ta zo masa cewa an janye. Ya sa wayarsa a aljihu ya ci gaba da cinikinsa.

A daidai lokacin Muhammadu ya tura tambaya. Amsa ta zo masa cewa gonar Ɗantala ta dawa a buɗe take.

Ya kora shanu ya kai. Daga bakin gonar ba a ganin kwarin, kara kawai ake gani a kwance. Ya sake su, ya koma gindin ɗorawa ya yi sallar la'asar. Kafin ya farga sun gangara sun yaye karan, sun auka wa dammunan. Yana cikin korarsu, shi kaɗai da sanda, Ɗantala ya iso. Abin da ya gani shi ne shanu a kan abincin 'ya'yansa da mutum tsaye a tsakiyarsu. Bai tambayi komai ba. Da ƙotar fartanya ya buge shi.

Da aka zauna gaban dagaci, Ɗantala ya miƙa wayarsa, dangin Muhammadu suka miƙa tasa. Aka karanta duka biyun, lokacin da ke jikinsu ɗaya ne. Dagaci ya juyo ya ce, "Malam Muntaka, kai ka kawo mana wannan abu. Wanne ne na ƙarya a ciki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu."

Ya ce, "To wa zan hukunta?"



Yanzu manoma na cewa na sa na'ura ta fifita surukina. Mutanen ruga na cewa tarko aka ɗana musu, aka kira su da saƙo don a samu dalilin dukansu. Matan ruga sun daina kawo nono cikin gari. Adama tana dafa abinci ta ajiye mini, amma ba ta zama.

Na sake kashe ta. Ba zargin ki nake yi ba, 'yata, amma kin ce kin toshe. Ki gaya mini abin da zan faɗa wa mutane.

Kawunki,
Muntaka

*

Watan Disamba

Kawu,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba Baffa Muhammadu lafiya, ya sa kaffara ce. Ni lafiyata ƙalau, abin da ya rage na lafiyar ke nan.

Takardunka biyu tare na karanta su. Ta Oktoba na ga shigowarta, na ce sai na miƙa babin zan buɗe. Da na buɗe ta a ranar, da layi ɗaya ya isa.

Kawu, wadda na toshe ita ce ta saƙon ƙarya. A wurinmu nan, ƙofar da baƙo zai iya shiga ya yi magana da sunan wani ita ce mafi haɗari, haka aka koya mana, kuma na ga a kanta ranka ya fi ɓaci. Da na ce ka ƙara haƙuri, nufina ka bar ta a kashe ka jira ni. Na sake karanta abin da na rubuta, na ga yadda ka fahimta shi ne yadda duk mai hankali zai fahimta.

Ga abin da za ka faɗa wa mutane. A da, saƙonni ɗaya bayan ɗaya suke isowa manhajar. Bana an canja yadda ake turo su daga kamfanin waya, in sun yi yawa sai su zo a dunƙule. Ɓangaren yaren da ke karɓar saƙo an rubuta shi ne don tsohon tsarin, kuma babu wanda ya sabunta shi, domin masu yi sun tafi. Saƙon janyewar Ɗantala da tambayar Baffa Muhammadu suka shigo tare. Manhajar ta duba gonar don ta amsa wa Baffa, ta ga a buɗe. Kafin amsar ta fita, ɗaya aikin, mai kula da saƙon janyewa, ya rufe gonar ya gaya wa Ɗantala an janye. Kowanne ya yi daidai a nasa ɓangaren, babu wanda ya jira wani. Abin da aka gina yaren don ya hana ke nan, ta nan kuma ya yoye.

Na rubuta wa malamina. Amsar da ta dawo ta na'ura ce, cewa ya bar jami'ar. Na nemi ɗaya daga cikin tsofaffin masu kula da yaren, ya ce gyaran zai ci watanni, shi kuma yana da aiki da jariri. Na gwada da kaina, duk inda na ɗinke sai wani wurin ya ɓarke.

Na haɗo da wata takarda daban zuwa ga dagaci, da sunana da sa hannuna. Don Allah a karanta a gaban kowa. Babu wanda ya ɗana tarko, babu wanda aka fifita.

Na kira Inna Adama ba ta ɗauka ba. Ka gaya mata na kira.

'Yarka,
Sadiƙa

*

Turawa
Watan Janairu

Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. An sallami Muhammadu, hannun yana ɗaure, ba ya iya tatsa. Adama ta koma ruga tana jinyarsa. Ba yaji ta yi ba, ta nemi izini na ba ta. Wayarta tana nan gida ta bari, shi ya sa ba ki same ta ba.

An karanta takardarki a gaban dagaci. Mutane sun saurara. Da aka gama, Ɗantala ya ce, "To na ji. Ita na'urar a ina zan same ta in tambaye ta abincin 'ya'yana?" Babu wanda ya yi dariya. Jama'a sun taimaka masa da hatsi, har daga ruga an aiko, amma bai iya ɗaga ido ya dubi wanda ya kawo ba. Ya rame. Ban san wanda na fi tausayawa ba a cikinsu.

Na koma yadda muke a da. Ina hawa babur gona gona in duba da idona, sannan in bi ruga ruga in faɗa. Ciwon gwiwar ya dawo sabo. Rabin gonakin bana ba su ga shanu ba, karan yana nan a tsaye.

Na karanta bayaninki sau da yawa, na gane shi. Kuskuren karatu nawa ne da naki, mun raba. Amma akwai tambaya ɗaya da ta tsaya mini, ki yi haƙuri da ita. Tun ranar da kika zaɓi yaren malaminki, kin san masu jin sa ba su cika ɗaki ba. Mai ginin rumbu ba ya kawo itacen da babu irinsa a dajin garin, domin ya san wata rana gara za ta ci, a nemi canji. Ba don in ɓata miki rai na faɗa ba. So nake in sani ko mu haƙura da abin gaba ɗaya.

Kawunki,
Muntaka

*

Watan Afrilu

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina fata kai da Inna Adama kuna lafiya, da jikin Baffa Muhammadu. Na yi fama da mura da ciwon ido, na warke.

Na san shirun ya yi tsawo. Ba fushi na yi ba. Ba ni da amsar tambayarka ne, ban kuma so in turo maka da wata magana mai fuska biyu ba.

Na sake rubuta manhajar tun daga tushe, da yaren da ake koyarwa a kowace jami'a a gida. Ba ta da wani ado. Saƙo ɗaya take ɗauka, ta gama da shi, sannan ta ɗauki na gaba, ko da dubu ne suka zo tare. Za ta riƙa jinkiri kaɗan ranar kasuwa. Kuma ba za ta buɗe gona ba sai mai gonar ya tabbatar sau biyu.

Ban bar ta a hannuna ni kaɗai ba. Akwai wata ƙawata, Bahijja, tana koyar da kwamfuta a Kano, ita da abokin aikinta Zubair sun karanta kowane layi, sun kuma yarda su riƙa kula da ita. Na rubuta bayaninta da Hausa, yadda ko ba ma nan wani zai iya ɗauka. Bahijja za ta zo Turawa ku gwada tare.

Digirin ya ja baya. Babin da na ce yaren ya yi aiki a gona dole na janye shi. Sabuwar malamar da aka ba ni ta ce in rubuta abin da ya faru yadda ya faru, wannan ma bincike ne. Ina rubutawa, amma ba na iya yin fiye da shafi ɗaya a zama.

Idan kwamiti ya ce ba ya so, ba zan ga laifin kowa ba.

'Yarka,
Sadiƙa

*

Turawa
Watan Mayu

'Yata Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an yi ruwan farko, ana shirin shuka. Mahaifiyarki ta ce ki kula da idon nan. Adama ta dawo gida.

Bahijja ta zo, yarinya mai natsuwa. Muka tara mutane a ƙofar gidana, ta sa kowa ya tura saƙo a lokaci guda, wasu suna buɗewa wasu suna janyewa, don a ruɗa ta. Ba ta ruɗe ba. Kwamiti ya yarda a gwada ta a kakar bana. Allah ya saka miki da alheri, na san abin da ya ci miki.

Sai dai Muhammadu ya tashi. Ba irin tafiyar rani da suka saba ba, wadda ake dawowa da damina. Ya kwance bukkoki, ya cire turaku, ya yi kudu da iyalinsa da garkensa, gidaje da dama suka bi shi. Kafin ya tafi Ɗantala ya je har ruga ya durƙusa ya nemi gafara. Muhammadu ya ɗaga shi da hannunsa mai lafiya, ya ce ya yafe duniya da lahira. Na ce masa, "To tunda ka yafe, ka zauna mana."

Ya ce, "Muntaka, a nan aka haife ni, a nan na binne iyayena. Mutumin nan tare muka yi wasan ƙasa. Da ya gan ni a gonarsa bai ce mini me ya faru ba. Ba na'ura ce ta hana shi tambaya ba."

Na raka su har bayan Rogo Ruma na dawo.

Da Bahijja ke shigar da sunayen mutane a sabuwar manhajar, ta zo kan lambarsa. Ta ce tunda ya bar ƙasar, ko ta cire? Adama tana daga zaure ta kawo mana ruwa, ta ji. Ta ajiye kwanon ta ce, "A bar ta. In an buɗe gona ya riƙa gani."

Aka bar ta.

Ki gama karatunki ki dawo gida. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Muntaka